Hannun Yaya da Fatar Ɗigo

Yayata shekara ashirin da shida ta yi tana goge ƙasan asibiti. Ni ce ƙanwarta, tela ce ni, shagona yana nan bakin layinsu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Ita shiru-shiru, ni kuwa magana ba ta kwana a bakina. Kuma gara in faɗa muku tun yanzu, cikin waɗanda suka ci zalinta har da ni, don kada ku ji ina zagin mutane ku ɗauka ni ta kirki ce.

Ɗakin masu tiyata aka ba ta. Ƙarfe shida na safe tana can da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, da sandar goge ƙasa wadda ta ɗaure wa jan ƙyalle don kada wata ta ɗauka. Ita ke wanke tasoshin fitsari, ita ke kwashe audugar jini, ita ke shiga ƙarƙashin gado inda sauran masu shara suke yi kamar ba su gani ba. Nas-nas suka sa mata suna Sabulu. Ba ta ji haushi ba, har wani daɗi take ji. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata ɗa guda, wanda ya girma ya zama direban tankar ruwa. Da sandar nan ta ciyar da shi har ya yi gemu.

Abin ya faro ne daga wani mai aikin ɗakin gwaji, mutum mai son a yi dariya ko da a kan gawar wani ne. Wata rana yana koya wa sababbin ɗalibai wankin hannu, sai ya leƙo ya ga Yaya tana goge baranda. Ya kira ta, ya kama yatsunta ya danna a kan wani ɗan faranti mai jan abu daskararre a ciki, ya ce ta tafi. Bayan kwana biyu ya sake kiran ta. Ɗaki cike da ɗalibai, ya ɗaga farantin sama. Ga shatin yatsunta biyar sun fito ɓaro-ɓaro, ɗigo-ɗigo fari da rawaya sun tsiro a kai.

Ya ce, "Kun ga hannun Sabulu, sarauniyar tsafta? Duk wannan da kuke gani ƙwayoyin cuta ne."

Aka kwashe da dariya. Bai gaya mata cewa da nasa hannun ya danna, abin da zai tsiro ke nan ba. Bai gaya mata cewa yawancinsu ba su cutar da kowa ba. Ina ruwansa, ya samu abin da yake so. Da ta dawo gida ta ba ni labari, ni ma dariyar na yi, har da tafa hannu.

Kuma ku duba yadda bakinmu yake. Waɗannan 'yan halittun da ido ba ya gani, suna ɗaya muke da shi gare su: ƙwayoyin cuta. Mai kisa da mai zaman lafiya duk sunansu ke nan. Yaya ba ta yi makaranta mai nisa ba, amma tana jin magana yadda aka faɗe ta. An ce mata cuta, ta riƙe cuta.

Daga ranar ta koma wata iri. Maganin goge ƙasan nan mai hawa kai, ta fara ɗiga shi cikin ruwan wankanta. Sabulun magani ne a banɗaki, sabulun magani a madafa, wani a jakarta cikin leda. In kun gaisa da ita, kafin ku kai ƙofa za ku ji ƙarar famfo. Hannuwanta suka bushe, suka tsage tsakanin yatsu, suna ƙaiƙayi kamar ta cire su ta ajiye. Sai wata abokiyar aikinta ta nuna mata wani man shafawa na kemis mai jan kwali, wai magani uku ne cikin ɗaya: yana kashe ƙaiƙayi, yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kashe makero. Ta shafa da yamma, da safe fes. Shi ke nan, ta samu abin yarda. In ta daina kwana uku abin ya dawo ya fi da, sai ta ce ai cutar ce ke leƙowa, ta ƙara shafawa. Haka ta yi shekaru.

Ɗan nata, Direba, ya yi aure, ya auro malamar firamare. Tun satin farko suka ƙi jinin juna, kuma ba zan ɗora wa Malama laifin duka ba. Ki wanke kwanuka ki kife, ki juya baya ki ga surukarki ta kwashe su tana sake wankewa, ba ta ce miki uffan ba. Wace mace ce za ta haɗiye wannan kullum? Malama ta haɗiye, amma ba ta manta ba.

Shekarar da Yaya ta ajiye aiki Malama ta haifi 'ya mace. Bakwaini ce, 'yar mitsitsiya, uban ya ce wannan ai ɗigo ce, sunan ya bi ta. Da hutun Malama ya ƙare ta koma makaranta, sai aka bar Ɗigo a hannun kakarta. Ni da na san Yaya tun ina rarrafe, ban taɓa jin ta tana waƙa ba sai a lokacin. Matar da ba ta dariya, ga ta tana rarrafe a tsakar gida tana kukan akuya don yarinya ta ƙyalƙyale. Ba ta da miji, ba ta da aiki, ba ta da ƙawa, ni kuma ƙanwarta ga irin halina. Ɗigo ce kaɗai abin da ta mallaka a duniya, kuma kowa ya san haka. Yarinyar ta yi ɓul-ɓul, ta yi kyau, irin wadda ake cewa sai ka wanke hannu kafin ka taɓa. A wurin Yaya kuwa ba salon magana ba ne, doka ce.

Ɗigo tana da shekara biyu da rabi Malama ta samu ciki na biyu, mai laulayi, ko warin sabulu ba ta so. Sai wanka da kwanciya da komai na yarinyar suka koma ɗakin Yaya. Lokacin zafi ne. Wasu 'yan ƙuraje suka feso wa Ɗigo a wuya da lanƙwasar hannu, ƙurajen zufa, irin waɗanda duk ɗan da ke layin yake da su, a bar su su bushe da kansu. Yaya ta gan su, sai ta ga farantin nan. Ta ɗauko mai jan kwali. Kwana biyu wuya ya yi sumul. Bayan sati suka dawo, ta ƙara. Ta mai da wanka sau uku a rana, da sabulun magani, da ɗigon maganin goge ƙasa a ruwa.

Mai kemis ɗin layinmu ya yi nasa ƙoƙarin, ba zan ci amanarsa ba. Da ya ga tana saye a kai a kai, ya tambaye ta wa ake shafa wa. Ta gaya masa.

Ya ce, "Mama, wannan man ba na yara ba ne. Ko babba ba a so ya wuce sati yana shafawa. Yana cinye fata. Kuma yana kashe har ƙwayoyin cuta masu amfani da ke jikin mutum."

Ta ce, "Masu me?"

"Masu amfani, Mama."

"Cuta mai amfani. Ɗana, ba a haife ka ba nake kwasar cuta da hannuna. Ban taɓa ganin wadda ta amfani kowa ba."

Ta ajiye masa kwalinsa, ta koma saye a wani kemis can bayan tasha, inda ba a tambaya. A hanyarta ta dawowa ta biyo shagona ta ba ni labari. Muka yi ta dariya, ni da ita, har na soke yatsana da allura. Na ce gobe kuma za a ce akwai ɓarawo mai gadi. Iya sanina, ranar ce kaɗai muka taɓa yin dariya tare a kan abu ɗaya, kuma ga abin da muka yi wa dariyar.

Wata biyar Yaya tana shafa wa Ɗigo man. Fatar wuyan yarinyar ta yi haske, ta yi sheƙi, har jijiyoyi kana hangowa. Maƙwabta suna yabawa, wai kaka ta iya reno. Sannan maruru ya fito, ɗaya, biyu, sai suka haɗe. Yaya ta zo min da yadi ta ce in ɗinka wa Ɗigo riga mai dogon wuya. Cikin wannan zafin. Da na zo aunawa na ɗaga haɓar yarinyar, sai wari ya buge ni. Wurin ya kumbura ya yi jawur, mugunya tana tsattsafowa ta ƙarƙashin man da aka lafta. Jikinta zafi rau. Na dubi Yaya, ta kau da kai ta ce, "Yana warkewa. Na ƙara yawan man."

Abin da ya kamata in yi, in rufe shago in ja su asibiti a take. Ban yi ba. Shekara da shekaru tana kallon shagona kamar juji, tana goge kujera kafin ta zauna, yau ga ta a hannuna. Na bar su suka tafi. Na jira har Malama ta taso daga makaranta ta zo wucewa, shago cike da masu karɓar ɗinki, na ɗaga murya na ce, "Malama, in kin isa gida ki buɗe wuyan 'yarki ki ga aikin sarauniyar tsafta." Awa huɗu ke nan tsakani. Na sha lissafa su.

Asibitin da Yaya ta yi wa bauta aka kai yarinyar, aka kwantar da ita hawa ɗaya da ɗakin da Yaya take gogewa a da. Aka yi allura kwana uku, zazzaɓi ko gezau. Aka canza magani, shiru. Likitar fata, wata yarinya mai tabarau wadda ba ta fi sa'ar Direba ba, ta tara mu a ofishinta. Ta sa aka kawo duk abin da ake shafa wa Ɗigo. Yaya ta zazzage leda a kan tebur, kwalaye goma sha ɗaya, duk an matse su har wuya.

Likita ta yi magana a hankali. Ta ce fatar kowane mutum tana da mazauna, dubbai a kan dubbai, tun ranar da aka haife shi. Su ne suke cike wurin, suna hana baƙi mugaye samun masauki. Ta ce sabulun da man sun share na yarinyar, sun bar fili. Wani sinadarin cikin man kuma ya sa fatar ta yi siriri, ya kwantar da ƙarfin da jiki ke faɗa da shi. Sai mai taurin kai guda ɗaya, wanda ya saba da maganin har ya daina jin sa, ya samu gida babu kowa ya baje.

Ta ce, "Mama, ƙwayoyin cutar da ke tsaron ta ne aka kashe."

Yaya ta ce, "Cuta ce ke tsaron mutum daga cuta?"

Likita ta nemi wata kalmar, ta rasa. Ta faɗi ta Turanci, wadda ba ta amfani kowa a ɗakin ba sai Malama.

Aka goga auduga a hanci da hannun duk mutanen gidan don a gano inda mai taurin kan ya fito. A tsagun hannun Yaya aka same shi. Shekarun da ta yi tana shafa man nan, ta kashe kowa ta bar shi, ta yi kiwonsa ba ta sani ba. Likita ta ce abu ne mai magani. A daina sabulun, a daina man, a bi abin da za ta rubuta, bayan 'yan makonni a sake gwaji, in ya fita shi ke nan ta ɗauki jikarta. Da kunnena na ji ta faɗi haka, har sau biyu. Amma Malama rabin farko kawai ta ɗauka ta fita da shi.

A baranda, gaban masu jinya da nas-nas da suka san Yaya, Malama ta tsaya da cikinta ta ce, "Umma, shekara huɗu kuna sake wanke kwanon da na wanke. Ashe ƙazantar a hannunku take."

Yaya ta dubi ɗanta. Direba yana kallon ƙasa, ƙasan da ta goge ta ciyar da shi. Ya ce, "Umma, ki koma gida. Ki bar mana 'yarmu haka nan."

Kwana goma sha tara Ɗigo ta yi. Sai da aka tsaga wuyan aka kwashe mugunyar. Ta rayu, amma da tabo tun daga ƙasan kunne har ƙashin wuya, fatar wurin a tattare kamar ɗinkin koyo. Yaya ba ta ga ko ɗaya daga cikin kwanakin nan ba. Kullum da safe takan zo ta zauna a kan dakalin bakin ƙofar asibiti, in Direba ya fito ya wuce ta kamar bai gan ta ba.

Kafin a sallamo yarinyar an kwashe kayan Yaya daga ɗakinta an mai da su ɗan ɗakin ajiya da ke bakin ƙofar gida, inda Direba ke tara tsofaffin tayoyi. Aka ware mata kofi da kwano, aka ɗiga musu jan fenti a gindi. Layi kuwa ya samu abin taunawa. Sabulu ta mutu, aka haifi Mai Cuta. In ta fito, mata su janye 'ya'yansu, har da waɗanda 'ya'yan nasu ke yawo da majina har baki. Wa ya kai labarin layi? Ni. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta tafi da shi kyauta, har da kwaikwayon muryar Yaya tana cewa "cuta mai amfani". Ina jin kunyar wannan fiye da duk abin da na taɓa yi.

Yaya ta bi maganar likita, wannan kam ta bi. Ta zubar da sabulun, ta daina man, ta daure wa ƙaiƙayin da ya taso mata kamar wuta, tana zaune ta matse hannuwa tsakanin gwiwoyi. Bayan wata ɗaya da rabi tsagun suka rufe. Aka sake gwaji. Ta zo shagona da takardar a ninke cikin gefen zane, ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

Ta ce, "Karanta min. Likitar ta yi bayani, amma ina so in ji daga bakin na gida."

Na karanta da ɗan Turancin da nake da shi. Na ce, "Yaya, kin warke. Mugun ya tafi. Sun ce ba abin da ya rage sai ƙwayoyin cutar da kowa ke da su."

Ta ce, "To akwai ke nan."

"Irin na kowa ne. Ni ma ina da su. Likitar ma tana da su."

"Amma akwai."

"Yaya, ba cuta ba ce."

"Ke kika ce ƙwayoyin cuta yanzu."

Na yi ta juya harshe, na ce 'yan halittu, na ce mazauna, na ce masu gadi. Ta tsaya tana kallona irin kallon da ake yi wa mai son ya rarrashe ka da ƙarya. Ni da bakina bai taɓa rasa abin faɗa ba, ranar ya rasa. Na kai takardar gidan da kaina, na miƙa wa Malama. Ko karɓa ba ta yi ba, ta ce in ajiye a kan taga. Direba ya ce a bari tukuna a ga yadda hali zai yi. Takardar ta kwana uku a wurin, iska ta ɗauke ta.

Duk tsawon lokacin nan Ɗigo tana neman kakarta. Ana kulle ƙofar tsakar gida saboda ita. Sai ta kwanta a ƙasa ta leƙa ta ƙarƙashin ƙofar tana kiran "Kaka, Kaka", Yaya kuma tana zaune cikin tayoyi tana ji.

Malama ta haihu, namiji. Kwana biyu bayan an dawo da ita, da hantsi, gida ya cika da mata masu zuwa ganin jariri, ana shiga ana fita, wata ta bar ƙofar a buɗe. Ina tsakar gida ina zuba wa baƙi ruwa. Yaya ta fito daga ɗakinta da kofinta za ta tari ruwa a famfo. Sai ga Ɗigo ta ratsa tsakanin ƙafafun mata a guje, hannuwa a sama, tana dariya, tabon nan yana sheƙi a rana. Wata huɗu rabon da su ga juna ido da ido.

Yaya ta saki kofin. Ta mai da hannuwanta biyu baya ta sarƙe su, ta ja da baya har ta jingina da bango. Yarinyar ta iso ta rungume ƙafafunta, ta cusa fuska cikin zanenta, tana cewa, "Kaka ɗauke ni. Ɗauke ni."

Na dubi Yaya. Na ce a raina yanzu za ta sunkuya, kowa ya yi abin da zai yi. Sai na ji wata murya da ban san tana da ita ba, busasshiya.

"Sake ni. Tafi wurin uwarki."

Ɗigo ta ɗago kai tana murmushi, ta ɗauka wasa ne, tana jiran kukan akuya.

"Na ce ki sake ni. Ba na son ki. Kada ki ƙara zuwa wurina."

Yarinyar ta saki zanen a hankali. Ta ja baya taku biyu, tana kallon fuskar kakarta, bakinta ya fara rawa. Ba ta yi kukan a wurin ba, sai da ta juya ta kai tsakiyar gida. Mata suka yi cirko-cirko. Malama ta leƙo ta taga da jariri a kafaɗa ta ce, "To, kun dai gani da idonku. In na faɗa a ce sharri nake mata." Wata ta ce tsohuwar nan ba ta da imani. Wata ta ce ai dama mai irin wannan tsaftar ba ta son mutane. Direba ya fito ya ɗauki 'yarsa, ya dubi uwarsa ya ce, "Ko kare aka raina ba a yi masa haka, Umma." Ya shige ciki. Daga ranar ba a ƙara kulle ƙofar ba, don babu bukata. Ɗigo in ta hango kakarta, sai ta canza hanya.

Na ajiye butar na bi Yaya ɗakin tayoyin, raina a ɓace, na shirya zagin da zan yi mata. Na same ta a tsaye a tsakiyar ɗakin, ta ba ƙofa baya. Hannuwan suna nan a sarƙe a bayanta, ta matse su har farce ya shiga nama, jini yana bin yatsa. Da ta ji motsina ba ta juyo ba.

Ta ce, "Kina wurin. Kin ga komai."

Na ce, "Na gani."

"Ban taɓa ta ba ko? Ki gaya min gaskiya. Ko da gefen yatsa."

Na ce, "Ba ki taɓa ta ba, Yaya."

Ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi."